Abokinmu ya tarwatsa garin da muka gina a Minecraft, ya ce ai wasa ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 19. Ni da abokaina shida muna da sabarmu ta Minecraft, wasan kwamfuta da waya da ake gine-gine da bulo a cikinsa. Saba ita ce duniyar wasan da muke shiga tare ta intanet, ni ne admin mai kula da ita. Kusan wata takwas muka yi muna gina gari guda, da ganuwa da gada da layin dogo da wani babban ɗakin karatu na katako. Rannan na shiga na tarar da ramuka ko'ina. An dasa nakiyar TNT a ƙarƙashin gine-ginen, an kwarara wa ɗakin karatun narkakken dutse ya ƙone ƙurmus. Ba mu sha wahalar neman mai laifi ba, shi da kansa ya turo bidiyon a guruf ɗinmu da alamar dariya. Abokina ne tun muna yara. Da na yi masa magana sai ya ce, "Haba, gem ne fa, bulon ma ba na gaske ba ne." Ban san abin da muka yi masa ba. Abin da kawai nake tunawa, can baya ya gina wata doguwar hasumiya a tsakiyar gari, muka cire ta ba ya nan saboda ta ɓata tsari, amma bai ce komai ba. Yanzu mutum biyu sun ce mu je wata sabar da yake da gida mu rama, biyu kuma sun daina shiga gaba ɗaya. Kwafin ajiyar da nake da shi na wata biyu baya ne. Ba na iya barci sosai, kuma ina jin kunyar gaya wa kowa cewa gem ne ya dame ni. Me ke sa mutum ya yi haka? In kore shi, in rama, ko in share?

Ƙaninki.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Bari in fara da kunyar, don ita ce ta fi sauƙin kawarwa. Bulon ba na gaske ba ne, haka ne. Amma wata takwas ɗin na gaske ne. Dararen da kuka raba kuna gardamar ta inda gada za ta bi na gaske ne, haka ma amanar da ta sa ka bar wa mutum ikon taɓa komai a sabarka. Mutum yana ɗora wa abin da ya haɗa da hannunsa darajar da wani ba zai gani ba. Michael Norton da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani bincike da aka wallafa a 2012. Suka sa mutane su haɗa akwati ko su naɗe takarda ta zama siffar tsuntsu, sai ga shi masu yin sun yi wa abinsu farashi sama da wanda 'yan kallo suka yi masa, ko da kuwa ya fito a karkace. Wannan aikin 'yan mintoci ke nan. Kai kana maganar watanni. Don haka ɓacin ranka a kan hanya yake, ba sai ka nemi afuwar kowa a kansa ba.

Shi kansa abokin naka ya san haka, kuma bidiyon ne shaida. Duniyar Minecraft ba ta da ƙarancin tsaunuka da dazuzzukan da babu mai su. Da sha'awar ganin fashewa ce kawai ta kama shi, da ya buɗe sabuwar duniya a wayarsa ya yi ta fasawa har batir ya ƙare. Bai yi haka ba. Ya zaɓi wurin da mutum shida suka zuba zuciyarsu, ya ɗauki hoto, ya kawo muku har gida. Ba a ɗaukar bidiyon abin da ba shi da muhimmanci a aika wa masu shi. "Gem ne fa" magana ce da aka tanada don bayan aiki, don a mayar da wanda aka cuta mai laifin rashin sanin wasa.

Ka tambayi abin da ke sa mutum ya yi ɓarna. Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma yana da kyau ka rarrabe su, domin maganin wani guba ne ga wani.

Akwai daɗin da ke cikin fasawar kanta, kuma kada mu yi kamar ba mu san shi ba. Tun 1978 wasu masana biyu a Amurka, Vernon Allen da David Greenberger, suka kawo hujjar cewa mutane sun fi son fasa abin da zai tarwatse ta hanya mai ban mamaki, wadda ba a iya hasashenta. Shi ya sa gilashi ya fi jan hannun yaro a kan itace. Minecraft kuwa kamar don wannan aka ƙera shi. Nakiya ɗaya tana kunna ta kusa da ita, wuta tana bin katako, narkakken dutse yana gangarowa a hankali yana cin abin da ya tarar. A 2014 hukumar taswirar ƙasa ta Denmak ta saka ƙasar baki ɗaya a cikin wasan, gida-gida, titi-titi, daidai da girmanta, don ɗalibai da jama'a su amfana. Ba a jima ba wasu suka shiga suka fasa wasu sassa, suka kafa tutocin Amurka a kan kufan. Hukumar ta hana amfani da nakiya, amma ta manta da nakiyar da ake ɗorawa a kan ƙaramin taragon jirgi, ta nan suka bi. Waɗannan ba su da wata ƙullalliya da mutanen Denmak. Sun ga abu mai girma a tsaye, sun ga kafa, shi ke nan.

Sai kuma arhar iko. Gini yana son haƙuri da gwaninta da haɗin kai. Rushewa ba ta son ko ɗaya. Wanda ba zai iya tsara ɗakin karatu irin naku ba, zai iya shafe shi a minti goma, kuma a wannan daren sunansa ne a bakin kowa, ba na maginan ba. Abin nan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mutum mai suna Herostratus ya cinna wa babban wurin bautar gunkiya Artemis da ke birnin Afisa wuta, a ƙasar da yanzu take Turkiyya, don kawai a riƙa ambatonsa. Mahukuntan birnin suka haramta faɗin sunansa, ga shi yau ni da kai muna faɗa. Richard Bartle, Baturen Ingila da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiri ɗaya daga wasannin farko na mutane da yawa a kwamfuta a 1978, ya kasa 'yan wasa gida huɗu a 1996: masu neman cin nasara, masu yawon gano wurare, masu zumunci, da waɗanda wasan bai yi musu daɗi sai sun ga tasirinsu a jikin wani. Ga wannan rukuni na ƙarshe, ihun wanda aka cuta shi ne makin da ake ci.

Ka haɗa da cewa ba a ganin fuska. Da a gabanka yake yana kallon idonka, da wuya hannunsa ya iya. Allo yana cire wannan birkin. Mutum yana ganin ɗan mutum-mutumi mai murabba'in kai, ba ya ganin abokin da suka tashi tare.

Akwai kuma waɗanda wahalar wani ce kanta take musu daɗi. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2014 ya samu cewa masu jin daɗin tsokanar mutane a intanet sun fi sauran jama'a wannan ɗabi'a. Na san idan ka karanta wannan zuciyarka za ta ce, to ai shi ke nan, mugu ne. Dakata. Irin waɗannan 'yan kaɗan ne, kuma ba sa ɓoyuwa shekara da shekaru. Da haka abokinka yake, da wasiƙarka ta cika da tsofaffin labarai, ba guda ɗaya ba. Masu bincike a jami'o'in Stanford da Cornell ma sun nuna a 2017 cewa mutum na yau da kullum, idan ransa a ɓace yake kuma ya ga wasu sun fara, shi ma yakan shiga sahun masu tsokana.

Ni dai duk waɗannan ba su ne suka tsaya mini ba. Hasumiyar nan ce, wadda ka ambata a gurguje kamar ba komai ba.

Masanin zamantakewa Stanley Cohen, da yake rarrabe nau'o'in ɓarna a farkon shekarun 1970, ya ware ɓarnar wasa daban, ya ware ta ramuwa daban, wato wadda mutum ke yi don huce haushin wani abin da yake ganin an yi masa. Sau da yawa ta biyun takan sa rigar ta farkon, saboda faɗin "wasa nake" ya fi sauƙi a kan faɗin "kun ɓata mini rai". Ka sake karanta abin da ka rubuto. Ya yi gini. Kuka cire ba ya nan. Ba ku tambaye shi ba. Ya shigo ya tarar da fili. Idan ka cire girman abin, wannan shi ne labarinka na ranar da ka tarar da ramuka. Ka ce bai ce komai ba. Me zai ce? Abokansa sun yanke cewa aikinsa ya ɓata gari. Da ya yi ƙorafi, ina kyautata zaton amsar da zai samu ba za ta yi nisa da "haba, gem ne fa" ba. Shiru ba yafiya ba ce, wani lokaci ajiya ce.

Kada ka ji kamar ina wanke shi. Hasumiya ɗaya ba ta kai gari ba, kuma wanda aka ɓata wa rai yana da baki. Abin da ya yi cin amana ne, ya kuma haɗa da mutanen da wataƙila ba su da hannu a cire hasumiyar. Ba kuma na cewa tabbas wannan ne dalili. Daga wasiƙa ɗaya nake magana, kai ka san shi. Amma idan za ka bi diddigin abu guda, wannan za ka bi, domin idan shi ne, matsalarku ba ta maɓarnaci ba ce, ta ɗan gida ce da ya ji an mayar da shi bare.

Ramuwa dai ka cire ta daga lissafi, ka kuma faɗa wa mutum biyun nan da babbar murya. Sabar da za su je ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai masu ita da dokokinsu, ku za a kora, kuma da gaskiyarsu. Sannan ranar da kuka fasa gidansa kun sa hannu a kan maganarsa cewa haka wasan yake, daga nan babu wanda ke da bakin ƙorafi. Idan kuma neman a kula shi ne ya kai shi, to kun ba shi yaƙin da zai ɗauki watanni yana tsakiyarsa.

Ka kira shi, ku biyu kawai, da murya ko ido da ido. Kada ka yi a guruf. A gaban 'yan kallo babu saurayin da zai sauko, zai ƙara turo alamar dariya ne kawai. Kada ka buɗe da "me ya sa ka yi", amsar a shirye take. Ka faɗa masa abin da ya faru da kai a sarari: aikin wata takwas ne, ya yi maka zafi, kuma ya fi zafi da ya zama daga gare shi. Daga nan ka kawo hasumiyar da kanka, kada ka jira shi. Ka ce kun cire masa gini ba shawara, kuma bai kamata ba. Ka tsaya a nan. Kada ka liƙa mata "amma kai ma", kada kuma ka bari ya mayar da ita kuɗin fansa, wai an yi kunnen doki. Laifi biyu ne, kowanne da mai shi, kowa ya ɗauki nasa.

Abin da za ka nema a wurinsa ba kalmar haƙuri ba ce kawai, wannan ba ta da tsada. Ka nemi gyara. Ya saro katakon, ya cike ramukan, ya zauna tare da wanda ya tsara ɗakin karatun su tayar da shi, sannan ya faɗa wa sauran da bakinsa cewa bai kyauta ba. Akwai hikima a wannan bayan hukunci. Wanda ya share sati yana jera bulo ɗaya bayan ɗaya ya san nauyin abin da ya fasa ta hanyar da wa'azi ba zai sanar da shi ba. Kuma amsarsa ce za ta raba maka gardamar da kake yi da kanka. Idan ya yi jim, ya kama kame-kame, ko ma ya fusata ya amayar da abin da ke cikinsa game da hasumiyar, akwai abota a wurin, ana iya ɗinke ta. Idan kuwa ka ce masa abin ya yi maka ciwo ya sake yin dariya, ko ya ɗauki maganarka ya kai wa wasu don a yi maka ba'a, to ka samu amsa, kuma ba a kan gem kaɗai ba. Sai ka cire shi daga sabar ba tare da dogon jawabi ba. Cire mutum daga saba ba yanke gaisuwa ba ne. Kana iya amsa sallamarsa ka kuma hana shi makullinka.

Ko da ya amsa laifi, yafiya daban, mayar da iko daban. Ya dawo a matsayin da ba zai iya taɓa ginin kowa ba sai nasa, a ga kamun ludayinsa tukuna.

Yanzu ga naka aikin na admin, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwafin ajiya na wata biyu baya ya yi tsufa ga garin da ake ginawa kullum. Ka sa ya riƙa ɗaukar kansa kowace rana, ka kuma riƙa sauke wani ka ajiye a wurin da kai kaɗai ke da shi. Idan a Realms kuke, wato sabar da ake haya daga kamfanin wasan, tsarin yana ajiye kwafi da kansa, ka leƙa jerin kafin ka fid da rai, mai yiwuwa akwai wanda ya fi naka sabunta. Idan sabar Java ce, wato nau'in wasan na kwamfuta, mai karɓar ƙananan manhajoji, ka saka manhajar CoreProtect. Tana rubuta wanda ya ɗora ko ya cire kowane bulo da lokacin da ya yi, kuma da umarni ɗaya za ka iya warware duk abin da mutum guda ya yi a cikin sa'o'in da ka zaɓa ba tare da ka taɓa aikin sauran ba. Sai dai daga ranar da aka saka ta take fara rubutu, ba za ta dawo muku da na baya ba. Manhajojin GriefPrevention da WorldGuard kuma suna ba da damar shata fili a ce wane da wane ne kaɗai za su yi gini a ciki. A Bedrock, nau'in wasan da ake yi har a waya, akwai matakin baƙo mai kallo kawai, da na mamba, da na mai cikakken iko. Wannan na ƙarshen kada ya wuce mutum ɗaya ko biyu, komai kusanci. Ka kashe yaɗuwar wuta a saitin duniyar, ka taƙaita nakiya a cikin gari, ka kunna jerin sunayen waɗanda aka yarje wa shiga. Amfanin waɗannan ya wuce kariya. Ɓarnar da za a goge cikin minti biyu ba ta da daɗin yi, domin babu kufan da za a ɗauka a bidiyo.

Kufan da ke nan yanzu ma kada ku bar su su kwana da yawa. A birnin Groningen na ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka wallafa a 2008: a lungun da bangonsa yake da tsabta, kashi 33 cikin 100 na masu kekuna ne suka yar da takardar tallan da aka maƙala musu a ƙasa, amma da aka ɓata bangon da rubuce-rubuce sai adadin ya kai kashi 69. Wurin da aka ga alamar an saki, kowa sakinsa yake yi. Ku mayar da tsohon kwafin, ku ɗauki hotunan da kuke da su na watanni biyun da suka ɓata, ku fara da gini ɗaya.

Sannan ku zauna ku rubuta doka, gajeriya, wadda kowa ya amince da ita. Ta farko ita ce wadda da tana nan da wataƙila ba ka rubuto mini ba: ba a cire ginin kowa sai da saninsa, ko da admin ne, ko da ginin ya yi muni. Wanda aikinsa bai dace da tsarin gari ba, a ba shi fili a gefe, a taya shi kwashewa. Kuma ku yarda cewa son fasa abu ba laifi ba ne a karan kansa, wuri yake so. Akwai sabobi irin 2b2t, wadda take nan tun 2010, inda kusan babu doka, duk wanda ya shiga ya san ana iya tarwatsa gininsa kowane lokaci, ya kuma yarda da hakan. Bambancin can da sabarku yardar ce. Ku ware wani yanki nesa da gari, ko ku riƙa ɗaukar kwafin garin lokaci-lokaci ku taru ku yi masa rugu-rugu tare, ainihin yana nan lafiya. Za ka yi mamakin yadda masu ginin da kansu za su fi kowa ihu.

Mutum biyun da suka daina shiga, kada ka matsa musu. Ba gem ɗin suka gaji da shi ba, tsoron sake zuba aiki a rariya suke yi. Idan ka gama saka kariyar, ka nuna musu a aikace: ka fasa wani ɗan bango a gabansu, ka dawo da shi. Wannan zai fi roƙo tasiri.

Batun barci kuma, kwana kaɗan na juye-juye bayan irin wannan ba abin tsoro ba ne. Ka daina sake kallon bidiyon, ka goge shi daga wayarka bayan ka ajiye kwafi ɗaya a wani wuri saboda shaida. Idan aka ɗauki makonni abin bai sake ka ba, ko ya fara taɓa karatunka, ka samu wani babba da ka yarda da shi ka faɗa masa. Ba sai ka fara da Minecraft ba, ka ce abokinka na yarinta ya ci amanarka a gaban mutane, kowa zai gane wannan.

Idan ka ba shi dama ya dawo, ka gaya masa tun farko cewa sau ɗaya ce. In ya sake, ba sai an kira taro ba: ka cire sunansa daga jerin, ka warware abin da ya yi, ka sanar da sauran a layi ɗaya.

Antinka.